Wanda ya iya filin daga, zai iya kujerar edita? Mu tattauna a kan Max Hastings

Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya muka yi musu da wani abokin aikina har aka kira magariba ba mu gama ba. Shi ya dage cewa duk ɗan jaridar da ya iya kawo labari daga inda ake ɓarin wuta, kujerar edita ba za ta gagare shi ba, tunda ya ga abin da ya fi ta. Ni kuma na ce masa hanyar jirgi daban, ta mota daban. Sai ya kafa mini hujja da Baturen nan Max Hastings, wanda ya yi suna a yaƙin tsibiran Falkland a 1982, bayan shekara huɗu aka ɗauko shi aka damƙa masa editan jaridar Daily Telegraph ta Landan sukutum. Na rasa abin cewa. Manyanmu na nan, a taimaka a raba mana gardama.

Ɗanliti: Wa alaikumus salam. Ai gardamar ta rabu tun jiya, an kayar da kai ne kake neman gayya.

Sadiya: Don Allah kafin a yi nisa a ɗan gabatar mana da mutumin. Wasunmu ɗalibai ne, sunan kawai muke ji.

Baba Edita: To 'yata. An haife shi a Landan a ƙarshen 1945, kuma aikin jarida gadonsa ya yi ta kowane ɓangare. Ubansa Macdonald Hastings wakilin yaƙi ne na mujallar Picture Post a yaƙin duniya na biyu, uwarsa Anne Scott-James ita ma 'yar jarida ce da ta riƙe mujalla. Ya shiga jami'ar Oxford, shekara ɗaya ya yi ya fita. Soja ya so zama tun farko, har ya gwada da sojojin lema a Saifurus a 1963, abin bai karɓe shi ba, shi da kansa ya faɗa. Da soja ta ƙi shi sai ya bi sojoji da alƙalami. Ya yi wa BBC da jaridar yamma ta Landan, Evening Standard, aiki, kuma kafin ya cika shekara talatin ya je Ireland ta Arewa, Biyetnam, Kambodiya, Indiya, Rodeshiya da Gabas ta Tsakiya. Har yaƙin basasarmu na nan Najeriya yana cikin waɗanda ya ɗauko rahotonsu. Gaba ɗaya ana lissafa masa yaƙi 11 da ƙasashe sama da 60.

Sadiya: Na gode Baba. Allah ya ƙara girma.

Malam Habu Damagaram: Baba ya bar wani abu da ni nake ganin shi ne ya fi nuna halin mutumin. Lokacin da Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, za ta faɗi a watan Afrilun 1975, ya yi niyyar zama ya ga shigowar 'yan kwaminis da idonsa, kamar yadda wasu 'yan jarida suka yi. Da abin ya matso sai zuciya ta karye, ya nufi ofishin jakadancin Amurka, jirgi mai saukar ungulu ya kwashe shi. Kuma bai ɓoye ba, ya rubuta cewa tsoro ne ya kama shi. Ni wannan ya fi burge ni a kan labarin Falkland ɗin da kowa ke yayi.

Ɗanliti: Gudu da rai ai ba ragwantaka ba ce Malam. Gawa ba ta aiko da rahoto.

Nasiru: A ba mu na Falkland ɗin dalla-dalla, don shi ne abokin nawa ya riƙe.

Baba Edita: Ajantina ta mamaye tsibiran ranar 2 ga Afrilu 1982, firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta tura jiragen ruwan yaƙi tafiyar mil dubu takwas. Kwana 74 aka yi. Sojojin Birtaniya 255 suka mutu, na Ajantina 649. Ranar 14 ga Yuni sojojin lema na Birtaniya suka iso bakin garin Stanley, babban birnin tsibiran, aka ba su umarnin su tsaya domin ana maganar miƙa wuya. Shi kuwa Hastings ya duba ya ga umarnin bai hau kansa ba tunda ba soja ba ne. Ya tuɓe kayan sojan da ke jikinsa, ya sa rigar sanyi ta farar hula, ya kama hanya da ƙafa shi kaɗai ya wuce sojojin Ajantina da bindigoginsu. Da ya haɗu da hafsansu sai ya ce shi wakilin The Times ne, don ya san ita ce jaridar Ingila da baƙo zai iya sani. Ya shiga otal ɗin Upland Goose, mutanen gari suka tarbe shi. Washegari sunansa ya cika Landan, mutum na farko da ya shiga Stanley. A shekarar aka ba shi lambar gwarzon ɗan jarida.

Hajiya Rabi: Baba, da girmanka, amma ka tsaya a rabin labarin. Sauran 'yan jaridar da ke tare da shi ba tafi suka yi masa ba. A wancan yaƙin babu mai tura labari sai ta na'urar tauraron ɗan'adam da ke cikin jiragen ruwan soja, kuma sai jami'an ma'aikatar tsaro sun tace. Nasa rahoton ya isa Landan, na abokan aikinsa bai isa a kan lokaci ba, suka zarge shi. A cikin otal ɗin nan wani daga cikinsu ya zaro wuƙar bakin bindiga ya yi kansa, sai da aka shiga tsakani. To mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da ya kai shi Stanley kafin kowa son kai ne da rashin jiran kowa. A fili wannan baiwa ce. A ɗakin labarai kuwa guba ce. Na yi shekara goma sha ɗaya ina tace labarai, na ga irinsu. Edita aikinsa ya sa sunan wani ya haska, shi ya koma baya. Wanda ya saba ganin sunansa a shafin farko da wuya ya iya wannan.

Nasiru: Yauwa Hajiya! Abin da na kasa faɗa jiya ke nan.

Malam Habu Damagaram: Kada ka yi saurin murna ƙanena. In maganar Hajiya doka ce, da ya kashe Telegraph. Bai kashe ta ba, tashinta ya yi.

Hajiya Rabi: Shi ya tashe ta ko kuɗin Conrad Black?

Baba Edita: Ku bari in shiga nan, don wannan ɓangaren na bibiye shi tun ina kan kujera. Telegraph ta iyalan Berry ce shekara da shekaru. Suka ci bashi don gina sababbin maɗaba'u, bashin ya shaƙe su, attajirin Kanada Conrad Black ya karɓe ta a ƙarshen 1985. A lokacin jarida ce mai sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a rana, amma masu karatunta tsofaffi ne, shafukanta cunkushe kamar takardar kotu. Ga Rupert Murdoch, mai jaridar The Times, ya kwashe jaridunsa zuwa unguwar Wapping ta Landan a Janairun 1986 ya karya ƙungiyoyin ma'aikatan ɗab'i, ga wasu 'yan Telegraph ɗin sun fice sun kafa The Independent a Oktoban shekarar. A cikin wannan rikici Andrew Knight, wanda Black ya ba shugabancin kamfanin, ya kawo Hastings yana ɗan shekara 40. Abin da ya taɓa riƙewa kafin nan bai wuce shafin tsegumin manyan gari na Evening Standard ba. Bai san kasafin kuɗi ba, bai san rigimar masu talla ba.

Abin da ya sani shi ne yanke shawara da wuri da kuma rashin jin kunyar ido. Ya sallami mutane da yawa, ya kawo matasa, ya sake fasalin jaridar yadda mata da 'yan ƙasa da shekara arba'in za su ɗauka. Cikin waɗanda ya sallama har da Carol Thatcher, 'yar firaminista mai ci, alhali Telegraph ita ce jaridar 'yan jam'iyyar mazan jiya. Ku auna wannan da kanku. A 1988 aka ba shi lambar gwarzon edita.

Ɗanliti: Sallamar 'yar firaminista? Mu nan ɗan ƙanen direban mai gida ma ba ya sallamuwa.

Hajiya Rabi: Baba na yarda ya yi ƙoƙari. Amma ka lura, abin da ka lissafa duk aikin wuƙa ne: sallama, yankewa, sakewa. Wannan kowane mai taurin rai zai iya. Ni tambayata, wa ya raina? Wa ya koya wa aiki?

Sadiya: Ba shi ne ya ɗauki Boris Johnson ba? Malaminmu ya taɓa ambata.

Hajiya Rabi: Allah ya yi miki albarka 'yar nan, kin kawo ni inda nake so. The Times ta kori Boris Johnson saboda ya ƙirƙiri magana ya jingina wa wani masanin tarihi. A aikinmu babu laifin da ya fi wannan. Hastings ya san da haka ya ɗauke shi, a 1989 ya tura shi Brasels wakilin jaridar a hedikwatar Tarayyar Turai, ya zauna can har 1994. Rahotannin da ya riƙa aikowa na zuzuta ƙananan dokokin Turai da mayar da su abin dariya sun yi tasiri sosai wajen cusa wa masu ra'ayin mazan jiya ƙin Tarayyar. Shi kuwa editan nasa mai goyon bayan zaman Birtaniya a Turai ne. Yana gani ya bari, don labaran suna sayar da jarida. Sai a 2019, mutumin na dab da zama firaminista, ya fito a jaridar Guardian yana cewa bai cancanta ba. Bayan shekara talatin! Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Malam Habu Damagaram: A yi masa adalci Hajiya. Ba a 2019 ya fara ba. Tun 2012 ya rubuta cewa ranar da Boris ya shiga gidan firaminista shi zai haɗa kayansa ya koma Buenos Aires.

Ɗanliti: Babban birnin Ajantina fa ke nan. Mutanen da ya wuce sojojinsu da ƙafa a Stanley suna miƙa wuya. Ya tafi kuwa?

Malam Habu Damagaram: Yana nan Ingila yana rubuta littattafan tarihin yaƙi.

Ɗanliti: To ashe ba 'yan siyasarmu kaɗai ke alkawarin barin ƙasa ba.

Kabiru Mai Kyamara: Ina ta karantawa ban so sa baki ba, amma Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni na yi shekara shida ina ɗauko rahoto a arewa maso gabas lokacin da abin ya yi tsanani. Na kwana a mota a bakin shingen sojoji, na taɓa ɓoye katin kyamara a cikin safa. Da aka ce an ƙara mini girma an dawo da ni ofis in riƙe teburin labarai, na ɗauka hutu ne. Wallahi watan farko na fi shan wuya a kan duk shekarun can. Yaro zai kawo mini rahoto, in karanta layi biyu in ji raina ya ɓaci, in ture shi gefe in rubuta nawa daga farko. Ina ganin gyara nake yi. Wata rana wata yarinya da ke ƙarƙashina ta tsaya a gaban teburina, takardarta a hannu duk jan biro, ta ce, "Yaya Kabiru, in kai za ka riƙa rubutawa, mu me muke yi a nan?" Ban ba ta amsa ba, amma daren ban yi barci ba.

Abu na biyu kuma ba a faɗarsa. A fili tsoron ranka kake ji, kuma wannan mai sauƙi ne, naka ne. A ofis kai ne za ka ce wa ɗan wani tashi ka tafi wuri kaza. In wayarsa ta daina shiga, kai uwarsa za ta kira. Yanzu haka da nake rubutun nan akwai wanda na tura tun safe, tun la'asar layinsa ba ya shiga. Don haka ni ina ganin amfanin wanda ya taɓa zuwa fili ɗaya ne: ya san abin da yake tura mutum ya tarar. Editan da bai taɓa jin ƙarar harbi ba shi ne zai kira ka kana kwance a kwalbati ya ce ina hoton da ka yi alkawari.

Baba Edita: Allah ya dawo da shi lafiya, Kabiru. Ka faɗi abin da ba a koyarwa a aji.

Hajiya Rabi: Amin. Ka sanar da mu in ya kira.

Nasiru: Amin ya Allah. Amma Yaya Kabiru, akwai wani zargi da nake ji a kan masu bin sojoji, cewa in ka ci abincinsu ka hau motarsu, alƙalaminka ya zama nasu. An ce shi ma Hastings haka aka zarge shi a Falkland.

Malam Habu Damagaram: An zarge shi, kuma bai wani musa ba. Ra'ayinsa a lokacin shi ne in ƙasarka na yaƙi, ba ka tsaya tsakiya kamar alƙalin wasa. Ya ƙaunaci sojojin nan a fili, su ma suka saki jiki da shi, shi ya sa yake samun jirgi da hanyar tura labari lokacin da wasu ke zaune. Kuma ku tuna duk 'yan jaridar da aka bari suka bi rundunar 'yan Birtaniya ne, babu baƙo ko ɗaya. Hotunan talabijin kuwa sai su yi makonni kafin su isa Landan. Gwamnati ta riƙe bakin tulun gam. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kabiru Mai Kyamara: Malam, da sauƙin faɗa daga nesa. In ba ka bi ayarinsu ba, ba za ka isa wurin ba sam. In ka bi su, ka ga abin da suka nuna maka. Ni dabarar da na yi ita ce in rubuta abin da na gani, in kuma faɗa wa mai sauraro cewa da rakiyar sojoji na je. Ya rage nasa ya auna.

Baba Edita: Ni kuma abin da ya ba ni mamaki da mutumin shi ne, wanda aka ce ɗan amshin shatan sojoji ne a fili, da ya hau kujera bai zama ɗan amshin shatan mai jarida ba. Watanni kaɗan da kama aikinsa, a Afrilun 1986, Amurka ta yi wa Libiya ruwan bama-bamai da jiragen da suka tashi daga Ingila. Telegraph ta soki harin. Black kuwa masoyin Reagan, shugaban Amurka na lokacin, ne na gaske, ransa ya ɓaci. Haka suka yi ta saɓani a kan Turai da wasu batutuwa kusan shekara goma. Abin da Black kan yi in ya ji haushi shi ne ya rubuto wasiƙa a buga a shafin wasiƙun masu karatu na jaridarsa, yana sukar matsayin jaridar tasa.

Ni na yi aiki da wani mai jarida, ba zan kama suna ba, wanda ba ya rubuta wasiƙa. Ƙarfe sha ɗayan dare zai kira maɗaba'a kai tsaye, ba ni ba, ya ce a cire shafin farko. Da safe in sayi jaridar da nake wa edita in ga kanun da ban taɓa gani ba. Don haka in ana yabon taurin kan Hastings, a ajiye wani kaso na yabon ga tsarin da ya ba shi damar yin taurin kan bai kwana a titi ba.

Hajiya Rabi: To ai ka dawo kan maganata Baba. Kuma duk taurin kan nasa, da Murdoch ya karya farashin The Times daga kwabo 45 zuwa 30 na kuɗinsu a 1993, Telegraph ta bi sahu a 1994, ba edita ne ya yanke wannan ba. Masu kuɗi ke yaƙinsu, shi yana kallo. A 1995 ya bar kujerar, Charles Moore ya hau, wanda ra'ayinsa ya fi dacewa da na mai gida.

Baba Edita: Ya bari ya koma tsohon gidansa Evening Standard a matsayin edita daga 1996 zuwa 2002, har jaridar ta goyi bayan jam'iyyar Leba ta Tony Blair a zaɓen 1997. A 2002 Sarauniya ta ba shi sarautar Sir. Shi kuwa Black, kotu a Shikago ta same shi da laifin zamba a 2007 ya yi zaman kurkuku, sai a 2019 Trump ya yi masa afuwa. Shekara 16 mutum yana riƙe manyan jaridu biyu a Landan, Hajiya, ba a yin wannan da sa'a kaɗai.

Sadiya: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Shi kaɗai ne ya taɓa yin irin wannan tafiyar, daga yaƙi zuwa edita?

Malam Habu Damagaram: Ko wanda ya gada a kujerar ma haka ne. Bill Deedes yana ɗan shekara 22 jaridar Morning Post ta tura shi Habasha a 1935 lokacin da Italiya ta Mussolini ta kai mamaya. Ya yi soja a yaƙin duniya na biyu, ya yi ɗan majalisa, ya yi minista, sannan ya riƙe Telegraph daga 1974 zuwa 1986. Abin sha'awa, da aka sauke shi aka ɗora yaron da ya haifa a shekaru, bai yi zuciya ya tafi gida ba. Ya koma ɗaukar rahoto a ƙarƙashin Hastings, yana yawon ƙasashen da ake yunwa da yaƙi, yana rubutu har ya rasu a 2007 yana da shekara 94. Mutane da yawa na ganin aikinsa na bayan saukarsa ya fi na kan kujerar armashi.

Hajiya Rabi: Ka ga ni wannan ne mutumina. Ya gane inda ya fi iyawa ya koma.

Nasiru: To yanzu me zan je in faɗa wa abokin nawa? Na ci ko an cinye ni?

Ɗanliti: Ka ce masa Baba ya ba shi gaskiya, Hajiya ta ba ka, Malam Habu ya raba muku biyu. Shayin dai kai za ka saya.

Hajiya Rabi: Ni ban janye ba. A kawo mini sunan mutum uku da ya raina suka zama abin kirki, ban da wancan na Brasels, sai mu sake zama.

Baba Edita: Zan duba tsofaffin takarduna bayan isha'i, 'yar nan, kada ki yi barci.

Kabiru Mai Kyamara: Jama'a yaron ya kira yanzu. Cajinsa ne ya ƙare, motarsu kuma ta lalace a hanya, yana tasha yana cin shinkafa da wake. Bari in je in karɓi rahoton, an kusa rufe shafi.